Dafin Maciji da Maganin Mantuwa a Ƙasar Hausa

Tun zamanin kakanni, mutanen Kano sun ɗauki mantuwa da dafi a matsayin masifu biyu da ba su haɗa hanya ba, kowace da ma'abota maganinta. Mantuwa ta malamai ce, domin a ƙasar da ake auna martabar ɗalibi da abin da ya kiyaye na Alƙur'ani, babu illar da almajiri yake tsoro kamar ya wayi gari ya tarar hadda ta zube. Saboda haka akan ba shi rubutu ya sha, a kuma tuna masa abin da Shaihu Zarnuji ya ambata cikin Ta'alimul Muta'allim, cewa zuma da lubban da zabibi suna ƙarfafa kiyayewa. Gigin tsufa kuwa ba a lissafa shi cikin cututtuka ba, sai dai a ce shekaru ne, a yi haƙuri, a kyautata wa iyaye. Shi ko dafi na masu wasa da maciji ne da 'yan magori, waɗanda kan baje kumurci da kasa a bakin kasuwa, su tara jama'a da kirari, sa'an nan su fito da ƙullin makari.

Nazarin dafi bisa ƙa'idar likitanci ya kafu a Arewa a farkon shekarun 1970, lokacin da David Warrell, likita daga Ingila, yake aiki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, yana bin diddigin saran kububuwa, wadda manoma suke kira gobe da nisa saboda dafinta yana hana jini daskarewa har mutum ya yi ta zubar da shi. Gadon wannan aiki ya iso unguwarmu, gama a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, yake kuma a bakin titin Zariya, tafiyar ƙafa daga Daurawa da Gyaɗi-Gyaɗi, nan ne Farfesa Abdurrazaƙ Garba Habib na Jami'ar Bayero ya shahara da wannan fanni, kuma yana cikin waɗanda suka jarraba makarin EchiTAb a kan mutum 400 a Kaltungo, aka bayyana sakamakon a 2010.

A can ƙasashen waje kuwa, masana sun fahimci cewa abin da yake kisa da yawansa yana iya warkarwa idan aka tace shi aka auna. Daga dafin wani macijin Barazil aka samu hikimar haɗa captopril na hawan jini, wanda ya shiga kasuwa a 1981. Daga 'yar'uwar kububuwarmu ta Asiya aka kwaikwayi tirofiban na masu ciwon zuciya. Daga dafin wani ƙadangaren hamadar Amurka kuma John Eng ya fitar da sinadarin da ya zama exenatide na ciwon suga a 2005. Wannan na ƙarshe shi ne ya haɗa dafi da mas'alar mantuwa, da aka ga yana kare ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ɓeraye masu alamun cutar Alzheimer, yana kuma kyautata tunawarsu.

Amma ɓera ba mutum ba ne, kuma wajibi ne a faɗi wannan kafin masu lasifika a bayan mota su ji labari su fara tallar garin dafi da sunan maganin basira. An jarraba exenatide a Ingila a kan masu cutar Parkinson, wadda ita ma cutar ƙwaƙwalwa ce. Gwajin 2017 ya ba da fata, alhali babban gwajin da ya fito a 2025 bai nuna wata fa'ida ba. A ganina, hajar da ta tabbata daga dafi a ƙasarmu har yanzu ita ce makarin asibiti, wanda ake samu ta hanyar yi wa dawaki ko tumaki allurar dafi kaɗan kaɗan, a tace garkuwar daga jininsu, kuma shi ne yakan yi ƙaranci a Kaltungo daidai lokacin shuka da girbi, sa'ad da sara ya fi yawa.