ZARE: Wa ya koya maka walda? Tarihin keken titaniyom da yadda na zaɓi maƙerina

1/ Bara, a wata hanyar burji a nan jihar Kansas ta Amurka, ina cikin gangara sai na ji "ƙas" a ƙarƙashina. Na sauka na duba. Firam ɗin kekena na titaniyom ya tsage a bakin walda, kusa da feda. Shekararsa 2 kacal, keken da aka ce mini jikokina za su gada. Ku biyo ni, zaren da ɗan tsawo 🧵

2/ Kilomita 11 na tura shi kafin na samu mai ɗaukata. Kamfanin da na saya a wurinsu ba zan kama suna ba, har yau ba su amsa saƙona ba. Da na yi niyyar ba da aikin wani firam a auna jikina a ƙera mini, sai na ce wannan karon sai na san tarihin abin tukuna. Kuɗin ya haura dala 4,000, firam kaɗai fa, ba taya ba sarƙa.

3/ Shi wannan ƙarfen, wani limamin coci mai suna William Gregor ne ya fara gano shi a cikin baƙin yashi a yankin Cornwall na Ingila, a 1791. A 1795 Bajamushe Martin Klaproth ya raɗa masa suna daga ƙattin tatsuniyar Girkawa. Amma an fi shekara ɗari ba wanda ya iya tace shi tas, sai a 1910.

4/ Dalili kuwa, titaniyom kwaɗayayye ne. Da ya yi zafi sai ya riƙa zuƙar oksijin da naitirojin daga iska, kuma da ya zuƙa sai ya yi gautsi, ya riƙa karyewa kamar tangaran. Ku riƙe wannan magana, duk labarin a kanta yake. Hanyar tace shi da yawa William Kroll, ɗan Luxembourg, ya samo, kuma da ita ake aiki har yau.

5/ Sojoji suka fara wawashe shi. Jirgin leƙen asirin Amurka, SR-71, wanda ya fara tashi a 1964, mafi yawan jikinsa titaniyom ne. Abin dariya, Amurka ba ta da isasshe, sai hukumar CIA ta riƙa saye ta bayan fage daga Tarayyar Sobiyet, ƙasar da aka ƙera jirgin don a leƙa.

6/ A nan aka fara shan wuyar halinsa. Injiniyoyin Lockheed suka lura sassan da aka yi wa walda da bazara suna lalacewa, na hunturu kuwa lafiya lau. Da aka bi diddigi, ashe kulorin ne da ake ƙara wa ruwan famfon garin a lokacin zafi, da ruwan kuma ake wanke sassan. Ruwan wanki kawai fa!

7/ Masu keke suka hango shi a farkon shekarun 1970. Kamfanin Speedwell a Birmingham ya ƙera firam, kuma Luis Ocaña ɗan Sifen ya hau irinsa a wasu ranakun hawan dutse a tseren Tour de France na 1973, wanda ya lashe. A 1974 Teledyne ta fito da nata a Amurka, mai suna Titan.

8/ Ba su yi ƙarko ba. Da tsantsar titaniyom aka yi su, mai laushi. Nauyin titaniyom kusan kashi 57 cikin ɗari ne na ƙarfe, amma wajen tauri kusan rabinsa yake. Keken ya riƙa lanƙwasa idan an taka da ƙarfi, wasu suka tsage. Sunan ƙarfen ya ɓaci shekara da shekaru.

9/ 1986 ce ta gyara sunan. A kusa da Boston, mutum uku, Gary Helfrich da Gwyn Jones da Mike Augspurger, suka kafa Merlin. Dabararsu ita ce bututun da jiragen sama ke amfani da shi wajen tura mai: titaniyom da aka gauraya da kashi 3 na alminiyom da kashi 2.5 na banadiyom. Shi ne "3/2.5" da za ku gani a jikin firam.

10/ A shekarar dai, a jihar Tennessee, iyalin Lynskey masu shagon aikin ƙarfe suka fara Litespeed. A Steamboat Springs na Colorado kuma Kent Eriksen ya riga ya kafa Moots tun 1981 yana ƙera na ƙarfe, sai a 1991 suka koma titaniyom. Gida uku ke nan. Yawancin manyan maƙeran Amurka na yau, idan ka bi salsalarsu, ɗaya daga cikin gidajen nan za ta kai ka.

11/ Ga misali. Rob Vandermark ya bar Merlin ya kafa Seven Cycles a 1997. Ita Merlin aka sayar da ita, daga baya aka kwashe aikin zuwa Tennessee. Suna ya yi tafiya, hannuwa da yawa suka tsaya a Boston. Iyalin Lynskey suka sayar da Litespeed a 1999, suka dawo da sunansu na gida a 2006.

12/ Haka Eriksen ya bar Moots ya buɗe shagon kansa, daga baya Brad Bingham, wanda ya daɗe yana walda a Moots, ya gaji shagon. Da Serotta ta rufe a jihar New York, tsofaffin ma'aikatanta ne kamfanin No. 22 ya ɗauka. Firefly ta Boston, 2011, daga Independent Fabrication mutanenta suka fito.

13/ Ina cikin karanta wannan sai na tuna maƙeran garinmu. Mahaifina idan zai ba da aikin garma, ba ya tambayar allon shago. Tambayarsa ɗaya: yaron wa ne? A hannun wa ya tashi? Ashe a Colorado ma tambayar ke nan, ni ne na tsallake ta na bi hoto mai ƙyalli a Instagram.

14/ Kuma rubutun jikin firam ba ya gaya maka wanda ya riƙe abin walda. A Tour de France na 1999, keken da Lance Armstrong ya hau a tseren agogo an rubuta masa Trek, amma Litespeed ce ta ƙera, fenti aka shafa. Yau ma akwai sunaye da yawa da ke aika zane wata masana'anta, su manna tambarinsu. Ba laifi ba ne, in dai sun gaya maka.

15/ To ina keken burji ya shigo? A shekarun 2000 zaren kabon ya kori titaniyom daga tseren kwalta, don ya fi sauƙin nauyi. Sai a 2006 mutum 34 suka taru a garin Emporia na Kansas don tseren mil 200 a kan tsakuwa. Shi ne Unbound Gravel na yau, da dubbai ke zuwa. A 2022 har gasar duniya aka fara, a Italiya.

16/ Tsakuwar tuddan Flint Hills kaifi gare ta, tana yanka taya, tana tsalle tana bugun firam. Ga laka, ga ruwa. Titaniyom ba ya tsatsa, ba ya bukatar fenti, in ya yi ƙarzuna ka goge da soson ƙarfe mai laushi. Nan ya samu gidan da ya dace da shi, kuma maƙera suka dawo da ƙarfinsu.

17/ Na kai tsagaggen firam ɗina wurin wani dattijo mai walda. Ya yanke wurin, ya miƙo mini, ya ce leƙa ciki. Waje fes, kamar an jera sulalla. Ciki kuwa toka-toka da fari-fari, kamar gari. Ya ce, "Ɗana, wanda ya yi wannan bai cika cikin bututun da iskar argon ba. Rowar iska ya yi."

18/ Ka'idar ke nan: yayin walda dole a rufe ƙarfen da argon ta waje da ta ciki, har ya huce. Walda mai kyau launin azurfa take fitowa, ko ruwan kara-kara. Shuɗi gargaɗi ne, toka da fari kuwa an gama. Abin da ya hana a tace ƙarfen shekara ɗari, shi ya ajiye ni a hanya. Kada ku haɗa da launukan ado da wasu ke yi wa firam da lantarki, wannan daban.

19/ Don haka da na fara neman maƙeri, tambayoyina suka canza:
• Wa zai yi waldar da hannunsa, kuma a ina ya koya?
• Firam nawa na titaniyom ya yi?
• Daga ina bututun yake, kuma ana zaɓar kaurinsa daidai da nauyina?
• In ya tsage bayan shekara 10, wa zan kira?

20/ Sai tambayar burji. Taya mai faɗin milimita 45 ko 50 tana bukatar fili, ga sarƙa a gefe, ga laka za ta maƙale. A wannan matsatsin ake lanƙwasa bututu, a matse shi, wasu su sa farantin titaniyom mai tauri. Nan aka fi gane gwani, nan kuma nawa ya tsage. Ka ce a nuna maka hoton wurin, ba hoton tambari ba.

21/ Wata alama: maƙerin kirki zai fi ka yawan tambaya. Tsawonka, tsawon ƙafa, ciwon baya, awa nawa kake yi a sirdi, da kaya ko ba kaya. Ɗaya da na kira minti 5 bai yi ba ya turo lambar asusu. Wani kuma ya ce sai na je an auna ni, ya turo zane na sa hannu, kafin ya yanka bututu ko ɗaya.

22/ Na biyun na ba kafin alƙalami. Shago ne na mutum 2. Da na tambaye shi wa ya koya masa, bai ji haushi ba. Ya lissafo mini ubangidansa da ubangidan ubangidansa, sai ga mu a Boston ta shekarun 1980. Ya ce in jira wata 9. Na ce na tura keke kilomita 11, jira ba zai gagare ni ba.

23/ Saura wata 3 yanzu. Guntun bututun nan mai toka a ciki yana kan teburina, duk wanda ya ce mini titaniyom ba ya mutuwa sai in miƙa masa ya leƙa. Idan firam ya iso zan saka hotuna a ƙarƙashin zaren nan, har da na waldar kusa da feda. Mai tambaya ya ajiye a ƙasa. Allah ya tsare mu a hanya 🙏