Jakara Kafin Ta Zama Kwata

Yau za mu koma baya ne mu duba tarihin wani ruwa da yawancinmu muke toshe hanci in mun zo wucewa ta gefensa, wato Jakara.

In ka tambayi yaron Kano mene ne Jakara, zai ce maka kwata ce. To amma a Tarihin Kano, wanda Bature Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, Jakara kurmi ce mai duhun itatuwa da ruwa a tsakiya, ana ce mata Kurmin Baƙin Ruwa, kuma mutanen Dala na zamanin Barbushe ba sa yarda a taɓa itacenta. Dalilinsu na tsafi ne, ba mu tare da su a nan, amma dai kurmin ya tsira. A bakin wannan ruwa Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa Kasuwar Kurmi a ƙarni na 15. Sunan kasuwar ma kaɗai ya isa shaida. Da Clapperton ya shigo Kano a 1824, fadama ya tarar ta ratsa birni ta raba shi biyu, Barth ma ya ba da labarinta da ya zo a 1851. Kuma dukkansu sun yi ƙorafin ƙazantar wurin, don haka kada wani ya ce mana da can aljanna ce.

Abin da nake so ku riƙe shi ne aikin da fadamar take yi. In sama ta sako, ruwa yana samun inda zai baje ya huta, ƙasa ta sha nata, ciyayi su rage masa gudu, laka ta kwanta. Ga kuma kududdufai. Kakanninmu sun haƙa ƙasa sun gina ganuwa da gidaje, ramukan da suka bari suka zama ma'ajiyar ruwan damina a unguwanni. Ba injiniya ya zana su ba, amma kowane kududdufi yana riƙe ruwan da yau yake shiga ɗakunan mutane.

Sai gari ya cika. Aka riƙa cike kududdufai da shara, a yanka filoti, a dasa shaguna. Aka ɗaure Jakara da kankare, sannan a zangon mulkin Kwankwaso na biyu aka fara aikin titin Wuju-Wuju a kanta. Na san masu zama a bakinta sun sha wari da sauro shekara da shekaru, ba na raina kukansu. Amma kankare ba ya shan ruwa, kora shi kawai yake da gudu zuwa ga na ƙasa. Can gaba kuma rafin Getsi yana kawo dagwalon masana'antun Bompai ya zuba a ciki, manoman lambu suna ban ruwan latas da kabeji da shi, ragowar ya tafi dam ɗin Wasai a Minjibir. Wannan latas ɗin dai mu muke ci.

Ba mu kaɗai muka bi wannan hanya ba. Birnin Seoul na Koriya ta Kudu ya rufe rafin Cheonggyecheon ya ɗora masa gadar sama, daga baya tsakanin 2003 da 2005 suka rushe gadar suka buɗe rafin, kusan kilomita shida. Sai dai yawancin ruwan da famfo ake turo shi, tsada ke gare shi, ba namu ba ne.

Wanda ya fi kama da mu shi ne na Kolkata a Indiya. A gabashin birnin akwai fadama mai faɗin hekta 12,500, inda masunta suke karkatar da ruwan kwata zuwa tafkuna marasa zurfi. Rana ta doke shi, gansakuka ta cinye dattin, kifi ya ci gansakukar, sauran ruwan ya tafi gonaki. Talakawa ne suka ƙirƙiro tsarin, injiniya Dhrubajyoti Ghosh ya zo ya fahimce shi ya tsaya masa, har aka saka wurin a jerin fadamun Ramsar a 2002.

Mu ma muna da kayan aikin: jema mai dogon saiwa da ke riƙe gaɓa, kainuwa da kachala masu tsotse datti. Amma a yi hattara, ku tambayi mutanen Haɗeja yadda kachala ta toshe musu hanyoyin ruwa da aka bar ta ba yanka. Kuma babu ciyawar da za ta kashe gubar majema. Wannan dole a tace ta tun a cikin masana'anta.

Abin da ya fi gaggawa ba ya ma buƙatar kwangila: a ƙirga kududdufan da suka rage a Dala, Gwale da cikin birni, a sa su a taswira, doka ta hana sayar da su. Ku turo mana sunan na unguwarku a ƙasan wannan rubutu, da wanda yake nan da wanda aka cike, mu fara haɗa jerin da kanmu.