Biyan kuɗi ta manhajar waya ga matafiyan Katsina

Biyan kuɗi ta manhajar waya hanya ce ta biyan kuɗin mota, abinci ko kaya daga wayar hannu, ba tare da an taɓa takardar kuɗi ba. A birnin Katsina manhajojin da aka fi sani su ne OPay, PalmPay da Moniepoint. Dukkansu da naira suke aiki, ƙarƙashin lasisin Babban Bankin Najeriya (CBN), saboda haka amfaninsu a hannun mai shago ko direba yakan ƙare ne a bakin iyaka. Ɗan kasuwa, ɗalibi ko maniyyaci da ya fita ƙasar waje sai ya koma kan tsarin ƙasar da ya sauka.

Yadda abin ya shigo Katsina

OPay ta fara aiki a Najeriya a 2018, PalmPay kuma a 2019. Da farko OPay ta haɗa biyan kuɗi da hayar babur mai suna ORide da kai abinci mai suna OFood, amma ta rufe waɗannan sassa a 2020, bayan da gwamnatin Legas ta hana acaɓa a manyan unguwanninta. Abin da ya cusa manhajojin cikin kasuwannin Arewa shi ne canjin kuɗi. CBN ya sanar da sauya fasalin naira 200, 500 da 1,000 a ranar 26 ga Oktoba 2022, kuma a farkon 2023 tsabar kuɗi ta yi wuya ƙwarai. A lokacin ne mai shayi, mai nama da direban Keke Napep suka fara karɓar taransifa. Lambar asusun OPay lambar wayar mutum ce da aka cire wa sifilin farko, wanda hakan ya sauƙaƙa wa masu ƙaramar sana'a. Odar abinci a Katsina galibi ta WhatsApp ko kiran waya ake yin ta: a tura kuɗi, a aika shaidar biya, mai babur ya kawo.

Katin naira a ƙasashen waje

Yawancin manhajojin ƙetare sai an ɗaura musu katin Visa ko Mastercard. A nan ne matsalar matafiyin Najeriya take. Saboda ƙarancin dala, a 2022 bankuna da dama sun rage abin da za a iya kashewa a waje da katin naira zuwa dala 20 a wata, daga baya wasu suka dakatar da shi gaba ɗaya. Sai a watan Yulin 2025 bankuna irin su GTBank da UBA suka dawo da shi, kowanne da nasa ƙa'idar. A tsakanin nan matafiya sun dogara ne da asusun dala da kuma 'yan canji.

Ƙasar Sin

Sin ita ce inda batun ya fi tsanani, domin can tsabar kuɗi ta kusa ɓacewa daga hada-hadar yau da kullum. 'Yan kasuwar da ke zuwa sarin kaya a Guangzhou da Yiwu sukan tarar da Alipay da WeChat Pay a ko'ina. Doka ta hana ƙin karɓar takardar yuan, amma mai ƙaramin shago sau da yawa ba ya da canji. Mai saye yana haska lambar QR ta mai shago da wayarsa, ko kuma ya nuna tasa a haska. Da irin wannan lamba ake buɗe ƙofar shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa da biyan kuɗin bas, kuma ana iya kiran motar haya ta DiDi daga cikin Alipay.

A da, sai mai asusun bankin Sin ne ke iya cin moriyar manhajojin sosai. Daga Yulin 2023 aka faɗaɗa damar ɗaura katin ƙasar waje a kansu. Cinikin da bai wuce yuan 200 ba babu caji, wanda ya haura ana cire kashi 3 cikin ɗari. A Maris 2024 babban bankin Sin ya ɗaga iyakar biya ɗaya daga dala 1,000 zuwa 5,000, ta shekara kuma daga dala 10,000 zuwa 50,000. Ana tantance baƙo da fasfo. Katin waje na biyan shago ne, ba a tura wa mutum kuɗi da shi.

Odar abinci ta fi sufuri wahala. Manhajar Meituan, wadda ta fi kowace girma a wannan fanni, da Sinanci take, kuma ɗan aike yakan kira lambar waya idan ya iso. Musulmi kan nemi abinci mai alamar halal, wadda ake kira qingzhen a Sinanci. Unguwar Xiaobei ta Guangzhou, inda 'yan Afirka suka daɗe suna sauka, tana da gidajen abincin Musulmi da yawa.

Wasu 'yan kasuwa sukan ba dillali naira a gida, shi kuma ya biya yuan daga asusunsa. Hanyar tana da sauri, sai dai amana ce kawai ke riƙe da ita: in dillali ya ɓace ko aka rufe asusunsa, mai kuɗin ba shi da takardar da zai kai ƙara da ita. Wani tarko mai sauƙin kaucewa shi ne lambar sirri da banki ke turowa ta layin Najeriya. Wanda ya bar layinsa a gida, ko bai buɗe shi don aiki a waje ba, zai iya tsayawa a tasha da kuɗi a asusu amma babu halin biya.

Saudiyya

Alhazan jihar suna tashi ne daga filin jirgin saman Umaru Musa 'Yar'adua. A Makka da Madina ana samun Uber da Careem don mota, HungerStation da Jahez don abinci, kuma ana sayen tikitin jirgin ƙasa na Haramain ta intanet. Duk da haka riyal a hannu na aiki ko'ina. A Hajjin 2025 CBN ya so a ba alhazai guzurinsu ta kati, amma daga baya ya amince a ba su tsabar kuɗi, bayan an nuna cewa da yawansu mutanen karkara ne da ba su saba da kati ba.

Maraɗi

Ƙasar waje mafi kusa da Katsina ita ce Nijar, ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa. Harshe ɗaya ne, amma kuɗin sefa ne, kuma OPay ba ta biyan ɗan kabu-kabu a Maraɗi. Mutanen can suna amfani da Airtel Money da kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Amana. Bakatsine kan canza naira wurin 'yan canji kafin ya shiga gari.

Akwai kuma bambancin ƙirga. A Hausar Nijar dala tana nufin sefa 5, ba kuɗin Amurka ba, don haka "dala ashirin" sefa 100 ce, jaka ɗaya kuma sefa 1,000. Manhaja tana rubuta adadi ne da sefa, mai sayarwa kuwa da dala yake faɗin farashi, saboda haka baƙon da zai tura kuɗi sai ya ninka abin da ya ji sau biyar kafin ya danna.