Ɗarikun Sufaye a Zariya

Ɗarika hanya ce ta tarbiyyar zuciya wadda muridi yake karɓa daga hannun shehu ko muƙaddami, da wuridin da zai lazimta. Biyu ne suka yi ƙarfi a Zariya: Ƙadiriyya, mai jinginuwa ga Shehu Abdulƙadir Jilani da ya rasu a Bagadaza a 1166, da Tijjaniyya ta Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a Fas a 1815.

Ƙadiriyya ce ta riga zuwa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo Baƙadire ne, kuma da Malam Musa ya ci Zazzau a 1808 ɗauke da tutar Shehun, sai ta zama ɗarikar fada da manyan malamai. Tijjaniyya ta biyo sawun Alhaji Umarul Futi, wanda ya zauna a Sakkwato zamanin Muhammadu Bello. Malaman birni irin su Umaru Wali suka riƙe ta, har ta kai ga Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi, mawaƙin nan da Turawa suka tuɓe suka kai Lokoja.

Abin da ya shigar da Tijjaniyya gidajen talakawa shi ne waƙa da Hausa. Wanda bai iya karanta littafin Larabci ba yana iya haddace Imfiraji ta Aliyu Namangi, makahon malamin Zariya da ya rasu a 1990, wadda almajirai da makafi suka yi ta rerawa a ƙofofin gidaje da tashoshin mota. 

Sabon Garin Zariya kuwa ya tashi ne bayan isowar jirgin ƙasa, garin baƙi, 'yan kasuwa da ma'aikatan reluwe. Baƙon da ya baro dangi yakan sami 'yan'uwa a zawiya, musamman bayan Failar Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha ta yaɗu daga Kano. Har yau bayan magariba za ka ga an yi da'ira ana wazifar Tijjaniyya: istigfari 30, Salatul Fatihi 50, hailala 100, sannan a shimfiɗa farin ƙyalle a tsakiya don Jauharatul Kamali sau 12. Ran Juma'a bayan la'asar kuwa sai zikiri har faɗuwar rana.

Samaru daban take. Jami'ar Ahmadu Bello, da aka buɗe a can a 1962, ta tara matasan da suka karanta sukar Shehu Abubakar Gumi ga ɗariku, kuma bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978 gardama ta yi zafi, har ta raba masallatai da zumunci, abin da ya cuci kowane ɓangare. Jami'ar dai ita ce ta ba Namangi digirin girmamawa, kuma tana adana rubuce-rubucen malaman ɗarikun na Larabci da ajami.