Tsofaffin Taswirori a Matsayin Madogara Wajen Binciken Tarihin Garuruwa da Asalin Zuriya a Ƙasar Daura

Duk wanda ya taɓa zama gaban dattijo a ƙasar Daura domin ya ɗauki asalin gidansu, ya san cewa sunayen kakanni ba safai suke wuce huɗu ko biyar ba, in dai ba gidan sarauta ko na malamai ba ne. Daga nan sai lissafin mutane ya yanke, lissafin wurare ya ci gaba: daga gari kaza aka taso, aka yi shekaru a wuri kaza, sa'an nan yaƙi ko yunwa ta koro mutane zuwa inda suke yanzu. Watau talaka ya fi riƙe asalinsa da sunayen garuruwa bisa ga sunayen mutane. Wannan shi ya sa tsohuwar taswira take da amfani ga mai binciken zuriya, domin ita ce takardar da ta tara sunayen wurare, kuma galibi tana ɗauke da shekarar da aka zana ta. Manufar wannan maƙala ita ce a duba irin taswirorin da suka shafi ƙasar Daura, da abin da za a iya karɓa daga gare su, da kuma inda sukan ɓatar da mai bincike.

Taswirorin ji-ta-ji-ta

Garuruwan bakin teku sun yi wa na cikin ƙasa nisa a wannan fage. Tun ƙarni na 15 jiragen ruwan Fotugal suke bin gaɓar Afirka ta Yamma suna zana mashigai da tsibirai, saboda ran matuƙi ya dogara da daidaiton zanen. Ƙasar Hausa kuwa ta shiga taswirorin Turai ne ta hanyar labari. Littafin Hasan al-Wazzan, wanda aka fi sani da Leo Africanus, da aka buga a Banis a 1550, ya ambaci Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir, amma bai ambaci Daura ba. Masu zanen taswira na Turai sun yi ta kwafar sunayen nan daga gare shi fiye da shekara ɗari biyu, suna jera su a bakin wani kogi da suka zata yana gudu daga gabas zuwa yamma. Ta haka garin da Hausawa suka ɗauka uwar Hausa Bakwai ya rasa gurbi a taswirorin da suka dogara da wannan littafi. Rashin nan shaida ne a kan iyakar abin da Leo ya ji, ba ya nuna kome game da matsayin Daura a lokacin. Ya kamata ɗalibi ya riƙe wannan tun da wuri, domin zai sake gamuwa da irinsa a ƙananan ƙauyuka.

A ƙarni na 19 al'amarin ya ɗan gyaru. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba Clapperton zanen ƙasashen Sudan a 1824, aka buga shi a Landan a 1826. Bayansa Heinrich Barth ya yi tafiyarsa daga 1850 zuwa 1855, August Petermann kuma ya zana taswirorin littafinsa. Sai dai hanyar da Barth ya bi a farkon 1851 ta ratsa Tasawa da Gazawa da Katsina ne zuwa Kano, daga can ya nufi Barno ta Gumel. Ƙasar Daura ta faɗa tsakanin hanyoyinsa. Abin da aka sa a taswira game da irin wannan yanki daga bakin fatake aka samo shi, su kuwa da zango suke auna nisa. Saboda haka jerin garuruwan da ke kan hanya abin dogaro ne, amma ainihin inda aka ɗiga kowannensu kintace ne.

Daura uku, da iyakar da ta ratsa su

Inda taswira take da muhimmanci ƙwarai shi ne tarihin ƙarni na 19 da farkon na 20. Kamar yadda aka sani, wajen 1805 Malam Isiyaku ya ci birnin Daura da tutar Shehu Usmanu, Sarkin Gwari Abdu ya fice da jama'arsa. Gidan sarautar Haɓe bai watse ba. Ya yi ta ƙaura a arewa da gabashin birnin, labarin gidan yana ambaton Yekuwa da 'Yardaje cikin wuraren da aka zauna, har daga baya aka kafu a Zango, wani reshe kuma a Ɓaure, dukansu ƙarƙashin inuwar Damagaram. Wannan ne ya sa M. G. Smith, a littafinsa na 1978 a kan al'amuran Daura, ya bi sarautu uku maimakon ɗaya. Ga mai binciken zuriya ma'anar haka ita ce, idan an ce kakan wani "mutumin Sarkin Daura ne" a tsakiyar ƙarni na 19, tilas a tambaya wane Sarkin Daura, na birni ko na Zango. Amsar ita za ta nuna ɓangaren taswirar da za a duba.

Sai kuma Turawa suka zo da layukansu. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1890 ta ja layi daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin tafkin Chadi, ba tare da an auna ƙasar ba. Ta 14 ga Yuni 1898 ta zagaye Sakkwato da baka mai nisan mil 100, sa'an nan a wannan yanki na tsakiya ta bi layin digiri 13 da minti 20 arewa. Birnin Daura yana kusa da digiri 13 ne, haka ma Magariya da Tsatsumburum. Ke nan a bisa takardar 1898 garuruwan nan biyu suna ɓangaren Ingila. Faransawa suka yi ta kukan cewa an bar musu hamada, ba su da hanya mai ruwa daga Kwara zuwa Damagaram da Chadi. Aka gyara iyakar a yarjejeniyar 8 ga Afrilu 1904, aka sake daidaita ta a ta 29 ga Mayu 1906, layin ya gangaro kudu. Kyaftin Tilho da Manjo O'Shee su suka bi ƙasar daga 1906 zuwa 1908 suka kafa alamun iyaka 148 tun daga Kwara har Chadi, aka tabbatar da aikin a 1910. Turakun ƙarfen nan su ne mutanen bakin iyaka suke kira tangaraho.

To, a nan ne ake yawan tafka kuskure. Taswirar da aka buga a Turai wajen 1900 za ta nuna gari a "Nijeriya", wadda aka buga bayan 1910 ta nuna shi a ƙasar Faransa. Ɗalibin da bai lura da shekarar bugu ba yana iya zaton mutane ne suka yi ƙaura, alhali layi ne ya matsa, garin yana nan inda yake. Haka kuma, ko da yake yarjejeniyar 1904 ta ce a kula da ikon sarakunan ƙasa, a bar wa Faransa na Damagaram, Zango da Ɓaure sun faɗo hannun Ingilishi, waɗanda suka dawo da Malam Musa daga Zango suka ba shi sarautar Daura, ya riƙe har 1911, ɗansa Abdurrahman ya gaje shi. Yekuwa kuwa, mai gurbi babba a tarihin gidan, ta zauna a Nijar. Binciken da William Miles ya buga a 1994 a kan rabuwar ƙasar Hausa, a 'Yardaje da Yekuwa ya yi shi, garuruwa biyu maƙwabta masu dangantakar jini da aure, kowanne da tasa ƙasar.

Abin takaici shi ne yadda taswirorin mulkin mallaka sukan tsaya cak a bakin iyaka, ɗaya ɓangaren a bar shi fari fat kamar ba kowa. Wanda ya dogara da ta Ingilishi kaɗai zai nemi garin kakanninsa ya rasa, ya ce ya ɓace, alhali yana nan tafiyar hantsi a arewa, an rubuta shi da ƙa'idar Faransanci. Aikin tawagar Tilho, wanda aka fara bugawa a Faris a 1910, yana da daraja ta musamman saboda ya bi bakin iyakar ne da awo, kuma tafintan tawagar, Landeroin, ya tattara labaran sarautun da suka ratsa daga bakin mutanensu.

Matsalar sunaye

Bature yana rubuta abin da kunnensa ya ji ne, sau da yawa daga bakin tafinta wanda shi ma baƙo ne. Bafaranshe ya rubuta Daoura da Kantché da Yékoua da Sassoumbroum, inda Bahaushe zai ce Daura da Kance da Yekuwa da Tsatsumburum. Na ƙarshen nan ya isa misali: sautin "ts" ya ɓace gaba ɗaya, har wanda bai san garin ba ba zai gane shi ba. Na Ingilishi ma ba su tsira ba, domin haruffa masu ƙugiya ba su zauna a rubutun boko ba sai a shekarun 1930, kuma ko bayan haka masu buga taswira ba su kula da su ba. Ɓaure ta zama Baure, "ƙ" da "k" suka haɗe. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce a karanta wa dattijon yankin sunan da ƙarfi, a bar shi ya gyara.

Wata matsalar ta fi wannan zurfi. Ƙauyuka da yawa sunan wanda ya sare dajin suke ɗauka, a ce Gidan Wane ko Unguwar Wane ko Rugar Wane. Wannan alheri ne ga mai bin zuriya, domin idan sunan ya bayyana a taswirar da aka zana a shekara kaza, an tabbatar mutumin ya riga ya kafa wurin kafin wannan shekara. Iyakar abin da taswirar ta tabbatar ke nan. Ba ta faɗi yaushe ya zo ba, ba ta kuma tabbatar da cewa yana raye lokacin zanen ba. Har ila yau, irin wannan suna yakan sauya idan mai gari ya sauya, kuma idan gari ya tashi yakan tafi da sunansa, a sami Tsohon Gari da Sabon Gari, ko kufai a gefe. Daura kanta haka ta yi, domin labari ya nuna daga Tsohon Birni aka dawo inda take yanzu. Sunaye irin su Zango da Sabon Gari kuwa sun yi yawa a ƙasar Hausa, ba a kafa hujja da su sai an haɗa da sunan maƙwabtansu.

Alal misali, a ɗauka wani gida ya ce kakansu ya baro garinsu na arewa a shekarar Kakalaba, wato yunwar 1913 zuwa 1914, ya kafa unguwa da sunansa. Idan unguwar ba ta cikin zanen gunduma na kafin yunwar, amma ta bayyana a na bayanta, labarin ya sami goyon baya. Idan kuwa tana nan tun a zanen farko, to ko dai an haɗa ƙaura biyu an mai da su ɗaya, ko kuwa sunan na wani kaka ne da ya gabata. Rashinta a duka biyun ba ya ƙaryata gidan, domin jami'in da ya yi zanen wuraren da ake karɓar haraji ya dama da su, ƙananan unguwanni yakan cusa su ƙarƙashin dagacinsu. Kuma akwai waɗanda suka tsallako daga ƙasar Faransa gudun aikin tilas, wanda ba a soke ba sai 1946, irinsu kuwa ba su ɗokin a rubuta su.

Inda ake samun su

Zanen hannu da jami'an mulki suka haɗa da rahotannin kimanta haraji shi ya fi kusa da bukatar mai tarihin ƙauye, saboda yakan zo da jerin garuruwa da dagatai da yawan masu biyan haraji. Amma sai an tuna cewa gundumar hakimi mai iyaka a dunƙule tsarin Turawa ce. Kafin su, garuruwan basarake a warwatse suke, ɗaya nan ɗaya can, don haka ba daidai ba ne a ɗauki iyakar gunduma ta 1920 a ɗora wa 1850. Wajen nema a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, a san cewa Daura tana cikin Lardin Kano ne har 1934, lokacin da aka haɗa ta da Katsina aka yi Lardin Katsina. Wanda ya tsaya a kundin Katsina kaɗai zai rasa na shekara talatin na farko.

Akwai kuma taswirorin da Hukumar Safiyo ta buga daga hotunan jirgin sama a shekarun 1950 da 1960, da takwarorinsu na Faransa na yankin Damagaram. Su ma yanzu sun shiga sahun tsofaffi, kuma sun kama ƙasar kafin hanyoyin kwalta su janyo garuruwa bakin titi. A cikinsu akan ga rijiyoyi da burtali da sawun ganuwa da wuraren da aka yi wa alamar kango. Wanda ya ɗauki irin wannan taswira ya je wurin da ƙafarsa, yakan tarar da kukoki a cunkushe, da ramukan karofi da suka cike, da fasassun tukwane a cikin kunya, mai gonar kuma sau da yawa ya san sunan waɗanda suka tashi daga nan da garin da suka koma. Yawancin kufan ƙasar Daura yau gonaki ne, garma tana cin sawun ganuwa kowace damina. Ƙananan hukumomi biyar ne a masarautar, wato Daura da Zango da Ɓaure da Mai'aduwa da Sandamu, kuma jera kufan kowace ɗaya, da sunan da taswira ta ba su da wanda manoma suke kiransu, aiki ne da ya kai girman kundin digiri na biyu.