Ɓarakar da ta kwana shekara 22 cikin haruffan kwamfuta

A 1984 ne aka ƙirƙiro X a jami'ar MIT ta Amurka, wato manhajar da ke zana tagogi da rubutu a fuskar kwamfutocin Unix, daga baya har da na Linux. Wani sashenta mai suna libXfont shi ke karanta fayilolin siffofin haruffa.

A 1991 aka tafka wani ƙaramin kuskure a wannan sashe. An ware wa sunan kowane harafi gurbin da bai wuce baƙaƙe 100 ba a ƙwaƙwalwar na'ura, amma ba a sa mai auna tsawon sunan ba. In hatsi ya fi ƙarfin mudu, zuba yake yi a gefe. Haka dogon suna ke malala ya danne abin da ke maƙwabtaka da shi. Da yake a wancan lokacin X kan yi aiki da cikakken ikon shugaban na'ura, mugu na iya ƙera fayil na musamman ya ƙwace ragamar kwamfutar baki ɗaya.

Sai a Janairun 2014 aka toshe ɓarakar, bayan wata manhajar bincike mai suna cppcheck ta bankaɗo ta. A watan Mayu kuma, aka bayyana wasu uku da mai bincike Ilja van Sprundel ya gano.

Kowa na iya karanta rubutun manhajar tsawon waɗannan shekaru, sai dai kowa ya zaci wani ya riga ya duba. Malamai da iyaye, daɗewar manhaja ba shaidar lafiyarta ba ce. Kwamfutar da ƴaƴanmu ke karatu da ita, mu riƙa sabunta ta.