Wasiƙa daga Sheffield: Wa ya ba mu izinin hawan dutsen nan?

Ku yi haƙuri da shirun da na yi kwana biyu, rubutun babi na uku ne ya sha mini kai, malamina kuwa ba ya ɗaga ƙafa.

Tun da na aika hoton nan da na ɗauka a kan dutse Inna ta kira ni sau biyu. Tambayarta ɗaya ce: "Me ka jefar a can da ka je nema?" Yaya Babba kuma cewa ya yi, "Dajin wa kuka shiga, wa ya ba ku izini?" Tambayar Inna ba ni da amsarta sai dariya. Ta Yaya kuwa sai da ta kai ni laburare, shi ne na ce bari in rubuto muku abin da na samo.

Sunan dutsen Kinder Scout. Yana tsakanin Sheffield da Manchester, a yankin da ake kira Peak District, kuma shi ne mafi tsawo a yankin, mita 636. Daga nan jirgin ƙasa kan kai mutum ƙauyen Edale da ke gindinsa cikin kamar rabin awa. Samansa shimfiɗaɗɗe ne, babu bishiya, sai baƙar ƙasa mai taɓo da tumaki da iska mai kaɗa kunne. Mun hau mun sauko ba wanda ya tambaye mu ko sisi. Amma da a farkon shekarun 1930 ne, da sanda za a koro mu.

A wancan zamani dajin na wasu 'yan tsirarun masu ƙasa ne, cikinsu har da basaraken da ake kira Duke na Devonshire. Ba noma suke yi a wurin ba. Sun killace shi ne don harbin wani tsuntsu mai kama da makwarwa, farautar da ake buɗewa ran 12 ga Agusta kowace shekara. Suka zuba masu gadi suna korar duk wanda ya ratso. A gefe guda kuma ga ma'aikatan masaƙun Manchester da na maƙerun ƙarfe na Sheffield, suna kwana shida cikin hayaƙi, ran Lahadi su fito neman iska mai kyau. Suna ganin dutse, amma hanyoyin da aka yarje musu kaɗan ne, duk a gefe.

Ran 24 ga Afrilu 1932 wani saurayi ɗan shekara 20, Benny Rothman, bakanike daga Manchester, ya jagoranci mutum wajen 400 daga ƙauyen Hayfield suka nufi dutsen da rana tsaka. Da suka bar hanyar da aka halatta sai suka yi karo da masu gadi, aka ba hammata iska, wani mai gadi ya ji rauni. Da suka sauko 'yan sanda na jiransu. Aka kama shida, aka ɗaure biyar daga wata biyu zuwa shida, shi Rothman ya sha wata huɗu.

Kada ku ɗauka kowa ya yaba musu. Manyan ƙungiyoyin masu yawon ƙafa na lokacin sun nesanta kansu da abin, suna ganin yaran za su ɓata lallamin da aka daɗe ana yi da masu ƙasa. Har yau masana tarihi na jayayya kan ko hawan ne ya kawo sauyi ko kuwa aikin haƙuri na waɗancan ƙungiyoyi. Abin da ba a musu a kai shi ne, 'yan makonni bayan hawan dubban mutane sun taru a mashigin Winnats Pass suna neman a buɗe dajin.

Duk da haka sai a 1949, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, majalisa ta yi dokar kafa gandun shaƙatawa na ƙasa, Peak District ya zama na farko a 1951. Dokar ta kuma wajabta wa hukumomin gundumomi su zana taswirar duk hanyoyin da jama'a ke da haƙƙin bi. Hanyar da ta shiga taswirar nan, ko ta tsakiyar gonarka ta ratsa, ba ka da ikon toshe ta. A 1965 aka buɗe Pennine Way, hanyar ƙafa mai mil 268 daga Edale har cikin iyakar Scotland. A 1982 ƙungiyar National Trust ta sayi Kinder Scout, a 2000 kuma aka yi dokar da ta ba mai tafiya a ƙafa izinin ratsa irin wannan daji ko babu hanya. A taron cika shekara 70, a 2002, Duke na Devonshire na lokacin ya tashi gaban jama'a ya nemi gafarar abin da aka yi a zamanin kakansa. Rothman bai ji da kunnensa ba, ya rasu 'yan watanni kafin nan.

To ina masu keke? Muna saukowa ta wani gangare da ake kira Jacob's Ladder, ina haki, sai ga wasu mutum uku sun turo kekunan hawan dutse, masu ƙatuwar taya da giya barkatai. Abokin tafiyata ya nuna mini 'yan kibiyoyin da ke jikin turaku. Rawaya na nufin hanyar ƙafa ce zalla. Shuɗiya hanyar doki ce, kuma dokar 1968 ta yarda mai keke ya bi ta, da sharaɗin ya kauce wa mai ƙafa da mai doki. Jacob's Ladder tsohuwar hanyar fatake ce, da dawakai suke ratsa ta da kaya, shi ya sa keke ya samu shiga. Haka tsofaffin layukan dogo, irin su Monsal Trail da aka daina bin sa da jirgi a 1968 aka buɗe wa jama'a a 1981.

Amma dokar 2000 ba ta haɗa da keke ba. Saman Kinder Scout na masu ƙafa ne kawai. Masu ƙafa na cewa taya na yanka ƙasar taɓo ruwa ya zaizaye ta, masu keke na cewa takalma ma sun yi ɓarnar da sai da aka shimfiɗa duwatsu a hanya, suna kuma nuni da Scotland inda dokar 2003 ta yarda da keke. Abin dariyar shi ne, shi kansa Rothman a kan keke ya isa Hayfield ran nan, don ya kauce wa 'yan sandan da ke dakonsa a tashar jirgi.

Yaya, ina cikin jirgin komowa sai burtalin bayan gonar Baba ya faɗo mini a rai. A 1965, shekarar da aka buɗe Pennine Way, gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo. Ka fi ni sanin yadda burtalinmu ya tsuke tun muna yara, kowa na cin taku ɗaya duk damina, da abin da hakan ke haifarwa idan shanu sun zo wucewa. Nan ma ba don masu ƙasa sun fi namu kirki ba ne hanya ta tsira. An zana ta a takarda, an kafa mata alama, kuma akwai masu bin ta suna kai ƙara in an toshe. Don Allah in ka je gaida Maigari ka tambaye shi ko akwai taswirar burtalin nan a ƙaramar hukuma, ka sanar da ni.

A gaida Inna, a ce mata ban jefar da komai ba, kuma na sa rigar sanyi biyu. Sai wasiƙa ta gaba in Allah ya kai mu.

Wassalam, naku a Sheffield.